Shin akwai maganin ciwon PSC?

'Yar'uwa, kin ce an gano mijinki na da PSC (primary sclerosing cholangitis), wani ciwon hanta, kina tambaya ko akwai magani da kuma masu bincike a kai. Allah ya ba shi lafiya.

Ciwon yana sa hanyoyin ruwan madaciya su kumbura, su yi tabo, su tsuke, har hanta ta galabaita. Yawancin masu shi suna da kumburin babban hanji, don haka a duba masa hanjin ko da bai ji komai ba.

Gaskiya har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da shi. Likitoci na ba da wani magani mai suna urso (ursodeoxycholic acid), amma kada ya ƙara yawansa da kansa: binciken da aka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna shan urso da yawa yana cutarwa. In abin ya tsananta, sai dashen hanta.

Marasa lafiyar ne da kansu suka tashi tsaye. Ƙungiyar PSC Partners Seeking a Cure, wadda aka kafa a 2005, tana tara kuɗin bincike, tana da rajistar majinyata. A Ingila kuma akwai PSC Support. Ki sa ya shiga rajistar PSC Partners, domin ciwon da ba shi da yawa, kowane suna na da amfani ga masu bincike.