Gas Ɗin Kashin Shanu ko Gawayin Totuwa: Ina Zan Zuba Jarina?

Tambaya: Ina sayar da gawayi da itace a Tudun Wadan Zariya, na tara naira miliyan biyu. Kullum ina ji a rediyo wai gwamnati na tallafa wa makamashin da ake sabuntawa. Wani ya ba ni shawarar in gina ramin haɗa gas da kashin shanu, in riƙa ɗura wa mutane a tukunya. In shiga, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zancen tallafin gaskiya ne, sai dai a san inda ruwan ke kwarara. Tun 2015 Najeriya ke da manufa a rubuce kan irin wannan makamashi, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Babban kuɗin da ake magana, dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a ƙarshen 2023, ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara suke bi, kuma akasarinsu na sola ne. Kamfanonin da suka cika sharuɗɗa ake biya, bayan sun haɗa wa gidaje wuta. Ɓangaren makamashin tsirrai da taki kuwa ya daɗe yana jan ƙafa: a 2007 aka tsara gauraya fetur da kashi 10 cikin ɗari na man ethanol da ake samu daga rogo da rake, har yau ba a gan shi a gidajen mai ba. Don haka ka yi lissafinka kamar ba sisin da za a ba ka.

Batun ɗura gas a tukunya, ka ajiye shi. Gas ɗin girki da ka sani yana zama ruwa idan an matse shi, shi ya sa kilo 12.5 ke shiga tukunya guda. Na kashin shanu ba ya yin haka a zafin garinmu, kuma abin da ke ci da wuta a cikinsa wajen kashi 60 cikin ɗari ne kawai. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da lita 30 zuwa 40. Kafin ka sami zafin da ke cikin waccan tukunya ɗaya, sai ka zuba kilo 700 zuwa 900, da ruwa daidai nauyinsa, ka jira wata guda ko fiye. Ga hunturun Zariya: ƙwayoyin da ke ruɓar da kashin sun fi son zafin digiri 30 zuwa 37, a Disamba da Janairu aikinsu ja da baya yake. In an zuba wa ramin kashi fiye da ƙima ya yi tsami ya tsaya, in yashi ya shiga ya cike shi, ruwa kuma yakan kwanta a bututu ya toshe hanya. Sana'a ce ta mai turken shanu ko mai aiki a gefen mayanka, wanda kashin ke zuwa masa kyauta, ya yi girki da gas ɗin a nan take, ya sayar wa 'yan lambu takin da ya fito.

Abin da ya dace da kai shi ne curin gawayi daga totuwar masara, don kana da abin da ya fi inji wuyar samu, wato masu saye. Ƙasar Zazzau kuwa gidan masara ce, daga Giwa zuwa Soba. Ɓawon gyaɗa ma yana yi. Buntun shinkafa ne ba mu so, duk da arharsa, saboda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce. Mai tsire zai gwada sau ɗaya ba zai dawo ba.

Ga yadda ake yi. A sami duro mai cin lita 200, a huda ƙananan ƙofofi a gindinsa, a yi wa murfin bututun hayaƙi. A cika da busasshiyar totuwa, a kunna daga sama. Da farin hayaƙi mai kauri ya ragu ya koma siriri, sai a toshe ko'ina da ƙasa a bar shi ya huce sarai. Nan yawanci ake asara: mai gaggawa ya buɗe da zafi, iska ta shiga, ya tarar da toka. Kilo 100 na totuwa yana ba da kilo 25 zuwa 30 na gawayi. A niƙa, a tankaɗe, a dama sitacin rogo kamar talge, kilo 5 zuwa 7 ga kowane kilo 100 na garin, a cuɗa har in an dunƙula a hannu ya riƙe bai ɗiga ba. A matse a injin hannu, wanda masu walda za su iya ƙera maka, a shanya kwana uku zuwa biyar. Wanda bai bushe har ciki ba zai yi hayaƙi, ya yi fumfuna a buhu. Wasu na ƙara yumɓu don nauyi. Toka suke sayarwa.

Ribar a sufuri take maƙale. Tan ɗaya na curi yana cin kusan tan huɗu na totuwa, ita kuma cika mota take ba nauyi. Ka kai durarrukanka inda ake casar masara, ka ƙona a can, ka ɗauko gawayin kaɗai. Kada kuma ka ɗauka kyauta ce har abada. Mata na girki da ita, kuma ranar da manomi ya ga mota na zuwa ɗauka, ranar za ta yi farashi. Ka ƙulla ciniki da masu injin casa tun kafin kaka.

Kafin ka buga buhu da sunanka, yi gwaji biyu. Saki curi ɗaya daga tsayin ƙugu a kan siminti. In ya tarwatse, sitaci ya yi kaɗan ko matsi bai kai ba. Sannan ka auna kilo ɗaya nasa da kilo ɗaya na gawayin itace, kurfoti iri ɗaya, ruwa daidai, ka duba agogo. Za ka ga ya fi jinkirin kamawa amma ya fi daɗewa, ba ya tartsatsi. Saboda haka masu tsire da masu ɗumama 'yan tsaki za ka fara nema, ba uwargidan da ke sauri ta sallami 'yan makaranta ba. Ka riƙa gaya wa kowa kada a kunna shi a rufaffen ɗaki, don iskarsa na kisa kamar ta kowane gawayi.

Mu a ganinmu kada ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin a kakar farko: duro huɗu ko biyar, injin hannu, sitaci, leda da ladan yara biyu. Rubuta abin da kowane buhu ya ci, har da wanda ya farfashe. Inji mai lantarki ya jira sai kana da masu ɗauka duk mako, don wutar da zai sha ko man janareta sai ka ɗora a farashi. Yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ita ce takardar farko da Bankin Masana'antu ko SMEDAN, hukumar tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa, za su tambaya. Abin da ka sarrafa daga Nuwamba zuwa Maris, ka ɗora wani kaso a kan katako cikin ɗaki marar yoyo, ka fito da shi a Yuli da Agusta, lokacin da itace ya jiƙe, hanyar daji ta lalace, gawayi ya yi tsada.