Tambayi Likita: 'Ya'yan Itacen Daji, Na Ci da Masu Guba

Wani makiyayi daga Tangaza: Likita, an ce duk abin da akuya ko tsuntsu ya ci, mutum ma zai iya ci. Haka ne?

A'a Malam, cikin dabba daban da namu. Ja ko zaƙi ma ba shaida ba ne. Shaidar ita ce ka san bishiyar da sunanta, ganyenta da ƙayarta, kamar yadda ka san magarya, kurna, aduwa, kanya da ɗinya. Wadda ba ka sani ba, bar ta ko da ta nuna. Anza ma da aka saba ci lokacin fari, sai an jiƙa ƙwayarta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita.

Wata uwa daga Gwadabawa: Ɗana ya ci 'ya'yan bini-da-zugu a shingen gona, yana ta amai da zawo. Kakarsa ta ce a ɗura masa manja.

Hajiya, kada a ɗura. Manja ba ya kashe guba, kuma yaro mai amai yana iya shaƙe shi ya gangara huhu. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Bini-da-zugu na yaudarar yara ne saboda ƙwayarsa na da garɗi kamar gyaɗa, babban haɗarinsa kuwa ƙarewar ruwan jiki. A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi kuna hanyar asibiti. Ku riƙo reshen da ragowar 'ya'yan, ku faɗi lokacin da ya ci da kimanin yawansu.

Wata malamar Islamiyya daga Mabera: Ɗalibai na wasa da idon zakara. Akwai illa?

Sosai, Malama. Jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo, in an tauna, ko ɗaya tana iya kisa, kuma alamun na iya jinkiri kwana 1 zuwa 3. Don haka ba a jira a gani; a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko mafi kusa a ranar. Ƙwayar zurma ma haka. Zaƙami shi kam ba ya ɓoyewa: baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, ƙwayar ido ta buɗe, yaro ya kama sambatu. Sau da yawa a nan ake cewa iska ce, a ɓata awanni ana turare.