Amsa: Saifar yaro ta sauko ƙasan ciki

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce yaronki mai shekara bakwai yana fama da ciwon ciki mai zuwa ya tafi, da wani kullutu da ke motsi, kuma hoto ya nuna saifarsa ba ta wurinta.

Asalin mazaunin saifa hagu ne, ƙarƙashin haƙarƙari, inda wasu jijiyoyi ke riƙe da ita. Idan an haifi yaro jijiyoyin sun yi sako-sako ko babu su, sai ta sauko tana lilo a jikin hanyoyin jininta kaɗai. Haɗarin shi ne ta murɗe, jini ya daina shiga, ta mutu. Ciwon nan mai zuwa ya tafi, wataƙila murɗewa take ta warware.

Kada ki bari wanzami ya yi masa tsaga, wannan ba kumburin saifar zazzaɓin cizon sauro ba ne. Ki kai shi wurin likitocin tiyatar yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi. Za su duba gudun jinin da hoton Doppler ko CT.

Idan saifar na da rai, a warware ta a ɗaure a mazauninta, kuma wannan aka fi so ga yara. Idan ta mutu, cirewa dole ce, sai allurar rigakafin nimoniya da sanƙarau, da gidan sauro kullum, kowane zazzaɓi kuma a garzaya asibiti.

Amai da ciwo mai tsanani ko da tsakar dare ne, kada ki jira asuba.