Tambaya da Amsa: Starlink ya ɗauke, 4G ya ƙi karɓa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da kyamarori da kwamfutoci a wata gona mai nisa da gari. Muna da Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, da layin 4G, duka a jone da rauta ɗaya, na'urar da ke raba intanet. Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi Starlink ya ɗauke, rautar ba ta komawa kan 4G sai an je an kashe an kunna. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da alama kayanka lafiyarsu ƙalau, saiti ne bai cika ba. Rautoci da yawa abin da suke dubawa kawai shi ne ko wayar da ke shiga ramin WAN, inda intanet ke shigowa cikin rauta, tana aiki. To, ko da ruwa ya tare siginar tauraron, akwatin Starlink yana kunne, wayar tana nan daram, sai rautar ta ɗauka komai daidai ne.

Ka saita ta ta riƙa gwada intanet ɗin da kansa ta hanyar ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake turawa a jira amsa. Ba ta adireshi biyu, 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, ta tura duk bayan daƙiƙa 5, kuma ta layin Starlink kaɗai. In gwajin ya bi ta 4G, zai riƙa dawo da amsa alhali Starlink a mace yake. Sai duka biyun sun yi shiru sau uku a jere za ta sauya. Wajen dawowa kuwa ka sa ta jira minti 2 ko 3 na sigina mai kyau, in ba haka ba za ta yi ta safa da marwa tsakanin layukan, kiran bidiyo yana ta tsinkewa. Rautocin MikroTik, Peplink da Teltonika duk suna iya wannan.

Wani abin da zai biyo baya: da an sauya layi, adireshin IP, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, ya canza. Ga shi Starlink na gida da yawancin layukan waya suna haɗa mutane da yawa a adireshi guda, abin da ake kira CGNAT, don haka ba ka iya shiga kyamarorin daga waje kai tsaye. Ka kafa WireGuard, manhajar da ke buɗe amintacciyar hanya tsakanin na'urori ta intanet, rautar gonar ce za ta riƙa kiran wata saba, wato kwamfuta a intanet, da ke da tsayayyen adireshi, tana tura saƙon riƙe layi duk daƙiƙa 25. Ta kowane layi rautar ta fita, za ka same ta.

Kada ka manta da wuta. Babban faifan Starlink, wanda ke kama siginar tauraron, yana cin wat 75 zuwa 100, rautar 4G kuwa ba ta cika wuce wat 10 ba. Ka ware wa rautar batirinta, domin in babban batirin ya ƙare 4G ya ci gaba. Eriyar 4G a sa ta waje, a sama, wayarta gajera, don doguwar waya tana cinye sigina. Ka kuma taƙaita kyamarori lokacin da ake kan 4G, su ne ke lashe data, sannan ka riƙa duba sim ɗin kada a rufe shi saboda rashin amfani.

Gwaji kuma, cire wayar WAN ba gwaji ba ne, ai wannan kowace rauta tana ganewa. Ka zare wayar faifan daga akwatin Starlink, ka bar akwatin a kunne, ka ƙirga daƙiƙa nawa 4G zai ɗauka kafin ya karɓa. In ya haura minti ɗaya, koma kan saitin ping ɗin.