Asma da Jinyar Tsofaffi a Gida: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 13 yana da asma, kuma duk hunturu sai mun kwana a asibiti. Kakarsa ta ce mu daina ba shi maganin shaƙa don kada ya saba da shi. (Wata uwa daga Katsina)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganin shaƙa ba ya zama jaraba, kuma iri biyu ne. Mai launin shuɗi, wato salbutamol, yana buɗe hanyoyin numfashi cikin 'yan mintoci, amma ba ya taɓa kumburin da ke haddasa ciwon. Na biyun, irin su beclomethasone, shi ne ke kwantar da kumburin, kuma kullum ake shaƙarsa ko da yaro yana cikin ƙoshin lafiya, sannan ya kurkure baki. Tun shekarar 2019 ƙwararrun duniya suka daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin kaɗai. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu ba ma zuwa asibiti sai numfashi ya sarƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ki kai shi a duba shi kafin hazo ya sauko, ki kuma nisanta shi da turaren wuta da hayaƙin maganin sauro.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 70 ta fara haki da daddare. Asma ce? (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kada ka saya mata magani a kemis. A wannan shekarun, haki na iya zama raunin zuciya, musamman idan ƙafafu sun kumbura, ko illar hayaƙin itacen girki na shekaru masu yawa. Likita ne zai bambance.

Tambaya: Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo shi. Me za mu kiyaye? (Daga Zariya)

Amsa: A Amurka, shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicare yana biyan ma'aikatan jinya su riƙa ziyartar tsofaffin da ba sa iya fita, amma a wajenmu nauyin yana kan iyali, galibi mace ɗaya, don haka ku raba aikin tsakaninku. Ku riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, ku zaunar da shi sosai kafin ba shi abinci don kada ya ƙware, kuma kada ku tsayar da maganin hawan jini sai da izinin likita.