Shiga ƙungiyar lauyoyi Yahudawa: me kuɗin rajistarka ke yi?

Ka tambaya ko zama mamba ya isa a kira shi goyon baya ga ƙungiyar lauyoyi Yahudawa, da kuma wace ƙungiya za ka shiga tunda aikin lauya kake yi a Shikago.

Ya isa, domin da kuɗin shekara-shekara na mambobi ake gudanar da ofis, taruka da mujalla. A garinku akwai Decalogue Society of Lawyers, wadda aka kafa a 1934. Ita ta fi kusa da kai, kuma tana shirya darussan ƙarin ilimi, ga shi jiharku ta Ilinoi na bukatar lauya ya cika sa'o'i 30 na irin wannan karatu duk shekara biyu. Idan shari'ar ƙasa da ƙasa ce ta fi jan hankalinka, sai ƙungiyar lauyoyi da masana shari'a Yahudawa ta duniya, wadda aka kafa a 1969, mai hedikwata a Tel Abib, mai buga mujallar Justice. Karanta manufofinta tukuna, don tana bayyana matsayinta kan batutuwan Isra'ila, kuma sunanka zai shiga jerin masu mara mata baya.

Wajen cike fom, zaɓi rukunin da ya dace da kai, domin kuɗin ɗalibi, sabon lauya da tsohon hannu kan bambanta. Wani kuskuren da akan yi shi ne mantawa da sabuntawa, sai rajista ta mutu shiru. Wasu kuma suna ɗauka katin mamba lasisin aiki ne; lasisi daga jiha yake fitowa.

Maganar rage haraji kuwa, kuɗin mamba daban, gudummawa daban. Ajiye rasit ɗinka ka nuna wa akanta.