Hoton 'yan mazan jiya ba a tsakiyar fareti ake samunsa ba

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni. Ka ce tsofaffin sojojin da ka ɗauka hoto bara a taron tunawa da 'yan mazan jiya a Osu, cikin Akara babban birnin Gana, duk fuskokinsu sun yi duhu, ba a ganin ido, kuma kowa ya fito a sandare alhali da idonka ka ga suna ta raha da juna. Har kana shawarar cin bashi ka sayi dogon lensi kafin taron 11 ga Nuwamban bana. Kada ka ci bashin kowa. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Ka makara ne, kuma ka je ka tsaya inda 'yan jarida suke tsayawa, kai kuwa ba aikin jarida ya kai ka ba.

Ƙarfe 11 na safe ake yin shiru na minti biyu, domin a daidai wannan sa'a aka tsagaita wutar yaƙin duniya na farko, ranar 11 ga Nuwamba, 1918. Wanda ya zaɓi lokacin bai yi shawara da masu hoto ba. A Akara ƙarfe 11 rana ta kusa tsaka, ta ɗan karkata wajen teku, haske na saukowa daga sama. Goshi da bakin hula su tare shi, ido ya shige rami, hanci da lambobin ƙirji kuma su yi ta walƙiya. Ga fararen duwatsun kabari a maƙabartar yaƙi ta Christiansborg, ga fararen kayan sojan ruwa. Kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, baƙar fata ce ke biyan kuɗin. Abin da ya same ka ke nan.

Saboda haka ka bar unguwar Nima da asuba. Rana na fitowa kafin ƙarfe 6, kuma daga 7 zuwa wajen 9 haskenta na zuwa ta gefe, yana shiga ƙarƙashin hula. A lokacin ne motoci ke sauke tsofaffin, wani jikansa na riƙe da hannunsa, wani yana gyara jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji, wani ya hango abokin da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan tare ya ɗaga sanda yana kiransa da sunan bariki. Rabin aikinka a nan yake. Sauran rabin sai an tashi, manyan baƙi sun shige motocinsu, tsofaffin sun zauna suna jiran tasu motar. Kafin ranar kuwa ka je ofishin hukumar tsofaffin sojoji, VAG, ka gabatar da kanka, ka ji abin da ake bukata na izini. Taro ne da manyan gwamnati da hafsoshi da jakadu ke halarta. In ɗan sandan soja ya ce nan ne iyakarka, to nan ne. Kada ka taka kabari don neman kusurwa, jirgin hoto mai tashi sama kuma ko a mafarki.

Wanda kake so ka ɗauka, nema masa bakin inuwa, fuskarsa na kallon fili. Ban da gindin bishiyar da rana ke ratsawa, za ta yi masa dabbare-dabbare a fuska. Ka kuma ɗaga kai ka dubi launin rumfar: jar rumfa ko shuɗiya tana zuba launinta a fata, kuma gyaransa a kwamfuta azaba ne. Farar rumfa ce abokiyarka. Ɗauki farin kwali babba daga shago, wani ya riƙe maka shi daidai cikin mutumin, haske zai tashi ya shiga ido. Mai ƙyallin azurfar nan bar shi a gida. Idon ɗan shekara tamanin, wataƙila ma da yanar ido a ciki, ba zai jure shi ba, zai yi ta runtsewa yana hawaye. Ɗauki da RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta. Auna haske a kumatu, ba a riga ba, in kuwa ka bar kyamara tana auna fili duka, ƙara mata haske da +1 ka duba, ka rage in ya yi yawa. Sama ta ƙone ba komai, fuska kada ta mutu.

Na san ku yaran yanzu da son buɗe lensi sosai a f/1.8, baya ya narke. A wannan aiki ba na so. Lambobin suna gaba da ido da kusan taƙi guda idan mutum ya ɗan juya, to a f/1.8 ido zai fito, lambobi su dushe, kuma lambobin ne ya kwana yana gogewa. Tsaya tsakanin f/4 da f/5.6, saiti a idon da ya fi kusa da kai, saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 domin hannun tsoho na rawa, naka ma haka. Lensinka mai milimita 50 ya isa. In lamba na walƙiya, ce masa, “Baba, a ɗan juyo kafaɗa nan,” ka nuna da hannunka. Kada ka taɓa lambar, kada ka taɓa hular. Filasha kuma sai dole, a rage mata ƙarfi sosai. A tsakar rana tana ɗaure ka a 1/200, sai ka rufe lensi har f/11, kujerun roba da ledojin ruwan da ke bayansa duk su fito tar.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Tsohon soja in ya ga kyamara jikinsa ne ke amsawa kafin shi: ƙirji waje, haɓa sama, hannu a gefen wando. Shekaru ya yi ana koya masa haka, ba kai za ka kwance shi da “Baba, ɗan yi murmushi” ba. Kuma hoton nan na tsayuwa haƙƙinsa ne, shi yake so a rataye a falo. Ɗauke shi da kyau, sau biyu ko uku, ka nuna masa a bayan kyamara. Daga nan sai ka sauke ta zuwa ƙirjinka, kada ka tafi. Tambaye shi lambar nan ta ina ce. Zai sunkuyar da kai ya dube ta, ya sa yatsa a kai, kafaɗa ta sauka, ya ɗago ya fara magana. Tsakanin ɗagowar nan da kalmar farko, nan hotonka yake. Ba ya daɗewa, don haka saitinka ya zama a shirye tun kafin ka buɗe baki.

Amma ba za ka iya tambaya ba in ba ka san abin da kake kallo ba. Tauraro mai kusurwa shida, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, na yaƙin Bama ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi shi da Japanawa, a kwarin Kaladan da Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Daga can sunan barikin Burma Camp na Akara ya samo asali, da barikin Kaladan na Tamale, da barikin Myohaung na Takoradi. Mai ƙyalle ruwan ƙasa da ja a tsakiya na yaƙin Afirka ne, inda sojan Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, suka kara da Italiyawa a ƙasar Somaliya da Habasha a 1941. Yi lissafi da kanka: wanda yake da shekara 18 a 1945, a 1927 aka haife shi. Masu waɗannan taurari sun kusa ƙarewa. In ka ga ɗaya a keken guragu, bar duk abin da kake yi. Durƙusa har idonka ya zo daidai da nasa, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙanƙanta mutum, kuma ka gama da wuri, kada ka bar shi a rana saboda kai. Yawancin masu macin yau na baya ne: Kwango daga 1960, Labanan, Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, Ruwanda a 1994. Ƙyalle mai ruwan sararin sama galibi na aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne. Lura kuma da ɓangaren. Mai lamba a hagu yake sa ta. In ka ga mace ko matashi da lambobi a dama, na mahaifi ne ko miji da ya rasu. Shi ya sa ba a juya irin wannan hoto a kwamfuta don wai ya fi kyau ta can. Ka juya, ka mayar da soja magaji.

Kana da wani jari da ɗan jaridar da ya zo daga Landan ba shi da shi, bakinka. Rundunar ƙasar nan daga dakarun da Turawa ke kira Hausawa ta taso, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Da yawa daga cikin kurata 'yan arewa ne, Farafara da Dagati da Gurunshi da Moshi, har Bature kan rubuta ƙabilar mutum a matsayin sunan mahaifinsa. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin farko, a Togo cikin Agustan 1914, haka sunansa ya samu. To ko mutum ba Bahaushe ba ne, gwada masa “Sannu Baba, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki?” ka ga yadda fuskar za ta canja. In ka ga igiya a hannun riga ko ka ji ana kiransa Saje ko Samanja, kira shi da muƙaminsa. Gaisuwa tukuna, neman izini, sannan kyamara. Wanda ya ce a'a, yi masa godiya ka wuce.

Wasu za su kawo maka kukan fansho da kuɗin magani. Saurara, tsohon kuka ne. Shi ya fito da tsofaffin soja ranar 28 ga Fabrairu, 1948, suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar da ba ta da nisa da inda za ka tsaya. Amma kada kukan ya ja ka ga ɗaukar yagaggen takalmi da kwalar da ta sile don a ji tausayi. Akwai masu son irin wannan, har sukan biya. Ni yaron shagona ba zai yi ba. Mutumin ya goge kwat ɗinsa ko ya sa batakarinsa, rigar saƙin nan ta arewa, mafi kyau ne don a gan shi soja, a matsayin soja za ka ɗauke shi. In yana so a ji kokensa, ka rubuta abin da ya faɗa da izininsa, hoton ya tsaya da mutuncinsa.

Macin kansa ba shi da wuya. Zaɓi wuri guda, durƙusa, sa 1/1000 da saiti mai bin motsi, su zo su same ka. In an bar ka ɓangaren da za su juyo da kai su gai da babban baƙo, ka samu fuskoki a jere. Da ka ji an busa begila, ƙafarka ta tsaya cak. In kyamararka na da ɗauka marar sauti, ɗauki ɗaya ko biyu daga inda kake. In ba ta da shi, sauke ta har a gama.

Tafi da ɗan littafi da biro. Duk wanda ka ɗauka, rubuta lambar hoton, sunansa yadda shi yake rubutawa, muƙami, inda ya yi aiki, da wayar ɗa ko jikan da ya kawo shi. Wajen gyara kuma kada ka share masa tamoji ko tsagar fuska, kada ka haskaka fata irin ta hoton amare. Na farko mu wanke masa 5 x 7 kyauta, ka kai da ƙafarka cikin makon, ba ta WhatsApp kaɗai ba, domin yawancinsu a hannu suke son riƙewa. Kuɗin daga wajen 'ya'yan yake fitowa, su ne za su ce a yi babba a sa firam, a wanke wa na Kumasi da na Jamus nasu. Ranar jajibiri biyo ta shago ka karɓi batir na biyu da memori da kwalin, ka zo da ƙanenka in nuna masa yadda ake riƙewa.